Wasannin da Kyaftin Ya Saya Sau Biyu

Litinin, 3 ga Maris

Mai gidan haya ya sake aiko saƙo, ƙarshen wata zan tashi. Yaya ta ce ɗakin baya na gidanta yana nan, amma gado ɗaya da durowa ɗaya zai ɗauka, sauran kaya in san yadda zan yi da su. Na ce to.

Tufafin Kyaftin 'yan'uwansa sun kwashe tun bayan rasuwa. Abin da ya rage nasa a falo shi ne na'urar gem, hannayen sarrafa ta guda biyu, da kanta guda cike da fayafayan wasa. Mijina, babba da shi har da furfura a gemu, ya tafi ya bar min 'yan ƙwallo da motocin tsere. Ina buƙatar kuɗin motar kwasar kaya da cikon haya, don haka su ma za su tafi.

Talata, 4 ga Maris

Na koma makaranta, na koyar da rabawa. Yaran sun yi tsit kamar ba su ba, da alama an ja musu kunne a kaina. Da sun yi surutunsu da ya fi min.

Alhamis, 6 ga Maris

Bayan an tashi daga makaranta na ɗebi fayafayai kaɗan na je shagon da yake saye. Wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin bene, tsakanin mai gyaran waya da mai tabarau. Mai shagon na juya kwali ɗaya ya ga tambarinsa a baya, sai ya washe baki. Wai waɗannan ai na Oga ne, mutumin da ya fi kowa wahalar da shi a ciniki, sai ya yi tafiyarsa har bakin titi an kira shi kafin ya zaro kuɗi. "Ina ya shiga ne, Hajiya? Ya guje ni, ko ya koma intanet?"

Na ce ba ya nan. Bai sake tambayar inda ya je ba, ni ma ban ƙara ba.

Faifai zai saya a kan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin sabo. Na'urar kuma ya yi mata kuɗi mai kyau, wanda zai biya min mota da cikon haya har a sami canji, amma sai an goge duk abin da ke cikinta tukuna. Na ce akwai wasanni da yawa a ciki waɗanda ba su da faifai, ta intanet ya saye su, nawa zai ƙara a kansu?

Ya ce ko sisi. "Wannan ba saye ba ne, Hajiya, aro ne mai tsada. Suna ɗaure da asusunsa. Ba a sayarwa, ba a kyauta, ko gadonsu ba a ci."

Daga nan ya ɓalle da mita, ashe ciwon da ke cin shi na taɓa. Shi yana biyan haya, yana biyan kuɗin kawowa, yana biyan wuta, amma sau da yawa faifan da ke kan kantarsa ya fi na intanet araha. Su masu na intanet ba kwali, ba leda, ba mota, sai su ɗora kuɗi su zauna, don babu wanda za ka tsaya ka ce masa rage min. Na ce ai na ji suna yin rangwame. Ya ce suna yi, lokaci-lokaci, amma ba a kan abin da kake so ba, kuma ba ranar da kake so ba.

Ina ta gyaɗa kai kamar ɗalibar da ba ta gane ba take jin kunyar tambaya. Na ce zan dawo da sauran.

Asabar, 8 ga Maris

Yaya ta zo muka ɗaure kwanuka a kwali. Ta tsaya gaban talabijin ta riƙe ƙugu, ta ce wannan akwatin gem ɗin shi zan fara kaiwa. "Ke ba yaro gare ki ba, ba wasan kika iya ba. Ki ajiye shi ya yi miki gadi?"

Gaskiyarta. Yaya kullum da gaskiyarta, shi ne abin gajiyarwa a zama da ita.

Lahadi, 9 ga Maris

Ban yi komai ba. Na wanke labule, ya bushe, na rasa dalilin da zai sa in mayar.

Laraba, 12 ga Maris

Na kunna na'urar in ga ta inda ake gogewa. Ta buɗe da sunansa, ba ta tambaye ni komai ba. Hotunan wasanni suka jeru a allo, ina ta matsawa ba su ƙare ba.

Sai na ga kamar na san hotunan. Na sauko da fayafayan daga kanta na shimfiɗa a ƙasa ina gwadawa. Ƙwallon nan yana da faifansa, ga shi kuma a ciki. Tseren mota haka. Na mutumin da ke yawo a daji da kare haka. Kusan rabin abin da ke cikin na'urar yana da shi a faifai, yana kan kanta, taku biyu daga kujerarsa. Ya sake sayensu, a kan kuɗin da mai shago ya ce ya fi.

Kyaftin fa. Mutumin da zai zagaya kasuwa da ƙafa saboda an rage masa a kan sabulu, mai matse man goge baki har sai ya yanka shi da almakashi. Na tuna na taɓa ganin saƙon banki na tambaye shi, ya ce, "Rangwame suka yi, kusan kyauta ne." Ko kallona bai yi ba.

Na zauna ina jira haushi ya zo, bai zo ba. Ban goge ba, na kashe na kwanta.

Juma'a, 14 ga Maris

Na kai fayafayan duka, jaka biyu. Mai shago yana duba bayan kowanne a hasken fitila, yana yabon yadda Oga ke riƙe kaya, ko ƙarzanewa babu. Sai na ji bakina yana tambaya: me zai sa mutum ya sayi wasa ta intanet alhali yana da faifansa a gida?

Ya kwashe da dariya. "Lalaci, Hajiya, ba wani abu ba. Faifai sai ka tashi, ka je gaban na'ura, ka durƙusa, ka cire wannan ka sa wancan. Na intanet kana kishingiɗe za ka danna. Kuɗin tashi daga kujera suke biya."

Na ce masa Oga ya rasu.

Ya ajiye faifan da ke hannunsa a hankali. Ya yi salati, ya yi ta ba ni haƙuri, ya ƙara min wani abu a kan kuɗin ban ma duba ba. Na bar shi yana ta cewa wallahi bai sani ba.

A mota na lissafa, aikina ke nan. Saƙon bankin nan ya zo ne watanni kafin a kwantar da shi, lokacin da yake cewa kujerar ofis ce ke sa masa ciwon baya, kafin likita ya ga abin da ke cin ƙashin. Na'urar tana can ƙasan teburin talabijin, dab da ƙasa. Ni kuma kullum ina zaune a kan darduma a gefenta ina duba littattafan yara, hannu kawai zan miƙa. Bai taɓa cewa in canja masa faifai ba. Ko sau ɗaya. Da ya ce, da na tambaye shi me ya sami ƙafarsa.

Na wuce inda zan sauka, sai da na dawo da ƙafa.

Asabar, 15 ga Maris

Na durƙusa a gaban teburin na miƙe, don in ji. Ba komai ba ne. A wurina.

Talata, 18 ga Maris

Mai shago ya kira, ya ce ya sami mai son na'urar, ya kuma ƙara a kan abin da ya faɗa. Na san tausayi ne. Yaya ta ce in yi maza kafin tausayin ya huce.

Alhamis, 20 ga Maris

Na naɗe na'urar a tawul na kai wa mai shago. Ya haɗa ta da ƙaramin talabijin ɗinsa, ya shiga nan ya fita can, har rubutu ya fito yana tambaya ko a goge komai. Sai ya miƙo min hannun gem ɗin. Ya ce, "Ke za ki danna, Hajiya. Ni ba zan iya ba."

Robar da ke kan sandar hagu ta cinye, daidai wurin babban yatsa. Na riƙe na yi ta kallon rubutun. Wani ya shigo neman caja, ya saya, ya fita, ina tsaye.

Na ce na manta wayar haɗi ɗaya a gida, gara in kawo su a haɗe. Ya kalli wayoyin, duk ga su nan a kan tebur. Ya ce haka ne, gara a haɗe, ya taya ni naɗewa.

Lahadi, 30 ga Maris

Na tare a ɗakin baya. Na sayar da firij da kujeru, suka biya mota da haya, dama ba su da wurin zama a nan. Na'urar tana kan durowa, a sama, tare da tsohon talabijin ɗin Yaya. Na gaya mata ajiyewa na yi har kuɗinta ya tashi. Ta ce ita a saninta kayan wuta ba sa tashi, na ce wannan daban ce.

Da rana bayan na jera kaya na kunna, don in tabbatar hanya ba ta lalata ta ba. Dubawa kawai. Ina zaune a bakin gado na shiga ƙwallo, na fita, na shiga dajin nan, na fita, ban motsa daga inda nake ba. Da sauƙi, ba ƙarya. Na shiga tseren mota. Ban san birki ba, na daki bango, na juya na sake dukan wani, kowa ya wuce ni. Sai na ji murya a ɗakin tana cewa, "Da ka ce in canja maka mana! Ina zaune a nan, mugu kawai, me zai rage ka?" Da ƙarfi, har maƙogwarona ya yi zafi. Hannun gem ɗin ya jiƙe, sai da na goge shi da gefen zani.

Yaya ta turo ƙofa ta ce da wa nake faɗa.

Na ce da mota. Ta tsaya ta dube ni, sannan ta zo ta zauna kusa da ni ta ce in nuna mata wacce ce tawa.