Cokulan Tukunyar Bilova

Sansanin Gradets,
Farkon watan Satumba.

Zuwa ga matata Danitsa,

Bayan gaisuwa mai yawa da kewa wadda ba ta da iyaka, ina fatan kina lafiya, ke da 'yarmu Anka da Baba. Yaya tarin Baba? Yana shan maganin, ko har yanzu yana zuba wa bishiyar tuffa shi a gindi idan kin juya baya? Ni lafiyata ƙalau, kan iyaka shiru, ko harsashi ɗaya ba a harba ba. Kaina ne kawai a ɗaure.

Ko Anka ta san lissafin sojan ƙasa na Morvaniya, tunda da shi yara ke wasa a dandali. Ƙauye ya ba da mutum goma da tukunyar tagulla, su ne tukunya. Tukunya huɗu murhu, murhu huɗu tuta, kanar yana kan tuta. Haka Baba ya yi nasa aikin, haka kakana. Ni ne kofur ɗin tukunyar ƙauyenmu, Tukunyar Bilova, ludayi a hannuna, na san wanda ke minshari da wanda ke satar albasa.

To, an yi sabon ministan tsaro, ya je ƙasashen waje ya gano abin da ya gano. Yanzu wai babu tukunya, babu murhu, babu tuta. Mutum takwas sashe, sashe uku rukuni, sai kamfani, sai bataliya, sai birged, kowanne da lambarsa. An turo mana wani Laftanar Kostin daga babban birni ya raba mu. Saurayi ne mai tabarau, mai kirki, har "don Allah" yake cewa kafin ya ba da umarni. Ya cire takwas daga cikinmu ya kai Kamfani na Biyu, sai ya tsaya yana kallon ni da Mitko, ɗan Inna Zorka, kamar mu muka yi laifin zama goma. Daga ƙarshe ya ce mu ragowa ne, za a haɗa mu da ragowar wasu ƙauyuka a Kamfani na Biyar. Mitko ya ce, "Ranka ya daɗe, a gidanmu ragowa kare ake ba." Laftanar bai yi dariya ba, ya rubuta.

Matsalar ita ce sajen Kamfani na Biyu ya rantse ni nasa ne, domin ba shi da kofur. Da safe sai na amsa sunana a can, in ruga in amsa a nan. Bataliyarmu kuma jiya ta Uku ce, yau ta Bakwai, alhali akwai wata ta Bakwai a ƙetaren kogi da ta ƙi sakin lambar. Amma da rana ta take, sai kowa ya watsar da lambarsa ya nufi tukunyar ƙauyensu, hafsoshi su tsaya a fili su kaɗai suna busa usur.

Ki gaya wa Baba cokalin da ya sassaƙa mini yana nan rataye a bakin tukunya tare da sauran tara. Ban manta abin da ya ce ranar da muka taso ba: "Cokalin soja ba ya komawa gida sai mai shi ya mutu. Ka dawo da shi a hannunka. In ya riga ka shigowa gidan nan, sai dai a haƙa rami biyu." Na san ba wasa yake ba, ƙirjin nan nasa ba zai ɗauka ba. Ki kwantar masa da hankali.

Ki gaida Inna Zorka, ki ce Mitko ya yi ƙiba.

Mijinki mai ƙaunarki,
Velimir.


Sansanin Gradets,
Ƙarshen watan Satumba.

Danitsata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan ku duka kuna lafiya, an kuma gama tsinkar tuffa ba tare da Baba ya hau tsani ba. Ban ga amsarki ba. Ban yi fushi ba, amma kullum idan mai wasiƙu ya zo ni ne a gaba, har ya fara kawar da kai idan ya hango ni.

An ƙwace mana cokula. Wai labari ya kai ma'aikatar tsaro cewa sojoji suna ɓacewa da rana, sai aka ce tukunya ce ke raba kan runduna. Aka kawo kwanonin gwangwani da cokulan ƙarfe, kowa ya ci da 'yan sashensa. Muna can muna atisaye a kan dutse aka bi tukwane aka kwashe na katakon duka. Da na dawo, wallahi Danitsa, sai na ga bakin tukunyarmu wayam. Tukwanen dai an bar su, domin babban ɗakin girkin da aka ce za a gina ko tushe ba a haƙa ba. An jera su bayan sito, an shafa musu lamba da farin fenti. Tamu ta zama sha bakwai, ita da take da lotsawar da alfadarin kakana ya yi mata.

Na shiga neman cokulanmu. Sajen sito ya ce kayan sashe na wurin kamfani. Kamfani na Biyu suka ce ai ni na Biyar ne, na Biyar suka ce cokulan Bilova sun bi mutum takwas, ba su bi mutum biyu ba. Na je bataliya, na tarar da manjo biyu a ofis ɗaya, tebur ɗaya, ba sa ga maciji da juna. Na farko ya ce in tambayi na biyu, na biyu ya tambaye ni ko na san wace birged muke ciki, domin shi ma yana son ya sani.

Sashen da nake ciki kuwa, kada ki so ki gani. Akwai masunta biyu daga bakin teku, da makiyayi daga arewa wanda ba ya magana sai da tumaki, da wasu 'yan kwarin inabi masu zuba sukari a miyar wake. Sukari, Danitsa! Idan na ce a juya dama, rabi su jira su ji daga bakin kofur ɗin ƙauyensu da ke wani kamfani. Ban ga laifinsu ba, ni ma da dare ya yi nawa nake ƙirgawa, ba su ba. Cokalin ƙarfen nan yana ƙona leɓe, miya kuma ɗanɗanon ƙusa take yi.

Kada ki faɗa wa Baba zancen cokali. Zan nemo shi ko a ɗakin janar aka ɓoye. Ki rubuto mini ko layi biyu ne, ki sa Anka ta zana kaza a ƙasa.

Naki har kullum,
Velimir.


Sansanin Gradets,
Tsakiyar watan Oktoba.

Danitsa,

Ina gaishe ki, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ku da rai da lafiya, musamman Baba. Ki karanta da ƙarfi a ƙofar coci: ina da rai. Mitko yana da rai. Mu goma duka muna da rai, ko mura babu mai yi.

Na gano inda cokulan suke. Laftanar Kostin ne ya faɗa mini da bakinsa, yana murmushi, yana jiran godiya. Wai umarnin da aka ba shi shi ne a ƙone su, shi kuwa ya ga aikin hannu ne mai kyau, bai iya ba. Sai ya ɗaure na kowane ƙauye daban, ya kai gidan waya na gari da kansa, ya aika wa iyalai su ajiye mana. Tun watan jiya. Mitko ne ya ce, "Ranka ya daɗe, ka kashe mu." Da aka yi masa bayani sai fuskarsa ta yi fari fat, ya cire tabarau ya zauna a kan buhun dankali. Ya ce a birni cokali cokali ne. Na so in tsane shi, Danitsa, na kasa, kuma hakan ya ƙara ƙona mini rai.

Na ruga wurin mai wasiƙu, a nan na ga abin da ya ƙarasa ni. Wasiƙuna biyu suna nan cikin kwando, ba su taɓa fita ba. Wai sai hafsan kamfanin mutum ya duba ya sa hannu, na Biyu yana tura wa na Biyar, na Biyar yana mayarwa. Na Mitko da na sauran takwas ɗin kuma an riƙe su saboda lambar bataliya ta rikice. Ashe shirun da nake ji daga gare ki, ku ma shi kuke ji daga gare mu, sai ga cokula goma sun iso.

Na nemi izinin zuwa gida. Duk wanda na je wurinsa sai ya tausaya mini, sannan ya ce ba shi ne shugabana ba. Laftanar ya aika saƙon waya sama, aka amsa cewa babu wata runduna mai suna Bilova a Morvaniya. Na yi tunanin guduwa, amma an tare gadar kogi, kuma wanda ya gudu daga kan iyaka harbi ne hukuncinsa. Ki ga ikon Allah, in na tafi don in nuna ina da rai, a hanya za a gaskata cokalin.

Tsoro nake ji. Da na rufe ido sai in ga Baba yana kwance ƙullin nan a kan teburin girki. Ki riƙe shi, Danitsa. Ban ma san ko wannan za ta fita ba, amma in ban rubuta ba zan haukace.

Mijinki da ke raye,
Velimir.


Sansanin Gradets,
Farkon watan Nuwamba.

Matata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya ke da Anka. Ki cire baƙin mayafin nan. Ki daina neman Baba a bakin kogi, yana nan wurina. Shi zai kawo miki wannan, tare da sauran ukun da na ƙwato daga kwando.

Ranar Lahadi da rana na saci jiki na je bayan sito wurin tukunyarmu, kamar yadda muke yi mu goma idan hafsoshi sun shiga cin abinci. Ina cikin raba miya sai na ji ƙwas a ƙeya. Na juyo a fusace, sai ga Baba da tsohuwar rigarsa ta soja, takalmansa sun yage, cokalina a hannunsa. Ya ce, "Kai sakarai, haka na ce ka dawo da shi?" Na zube a ƙasa na rungume ƙafafunsa ina kuka a gaban mutanena, ban ji kunya ba.

Ya ba ni labarin abin da kika riga kika sani: ƙararrawar coci, da cokula tara da aka binne a jere. Ya ce shi ya hana a binne nawa, kuka ce ruɗewar tsufa ce. Hujjarsa ita ce cokalin mamaci kofur ke kawo shi da hannunsa, in kuwa goma suka ƙare gaba ɗaya, tukunya ce ke dawowa a kife bisa alfadari. "Cokali goma babu tukunya, to wa ke cin abin cikinta?" Ya faɗa wa Fada, limamin cocinmu, Fada ya shafa kansa ya ce ya yi haƙuri. Shi ne ya sa cokali a aljihu ya fita ba sallama. Ki yafe masa, ya san da ya faɗa za ki kulle ƙofa.

Na tambaye shi yadda ya same ni, alhali janar-janar sun kasa. Ya ce shi bai tambayi mai tauraro a kafaɗa ko ɗaya ba. Motar katako ta rage masa hanya, sauran ya taka, duk sansanin da ya shiga sai ya zagaya baya wurin masu girki ya ce ina tukunya mai lotsawar alfadari. Su suka yi ta miƙa shi. Laftanar Kostin ya zo gaishe shi, Baba ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Yaro, da ka ƙone su ma da ya fi." Duk da haka ya matsa masa wuri a kan benci. Laftanar ya samo amalanke da bargo biyu da za su mayar da shi, ya kuma tura mutane sauran ƙauyukan da aka aika wa cokula. Har yau ban san kamfanina ba. Jiya an ce za a soke na Biyar, yau na ga ana yi masa sabon allo.

Tarinsa ya ƙaru, tafiyar ta ci shi. Ki tanadi zuma da ruwan zafi. Ya ƙi tashi sai ya sassaƙa wa tara ɗin nan sababbi, ya ce ba za a tone kabari don cokali ba. Ya samo reshen tuffa a gonar bayan sansani, yana ta sassaƙa, wuƙar ba ta kuskure.

Saura magana ɗaya, ita ce ta hana ni murna cikakkiya. Baba ya ja ni gefe ya gaya mini Inna Zorka ba ta tashi ba tun ranar da aka binne cokalin Mitko, har ta rasu, an kwantar da ita kusa da cokalin kafin Baba ya taso. Ramin nan biyu da na yi ta tsoro an haƙa su, sai dai ba a gidanmu ba. Na ce ni ne kofur, ni zan faɗa wa Mitko. Baba ya ce a'a, in bari ya ci abinci tukuna.

Cokali na farko da Baba ya gama, ya miƙa wa Mitko. Yanzu haka ina hango shi daga inda nake rubutu, yana shan miya da shi, yana tsokanar masuntan nan, yana cewa da ya koma gida zai nuna wa Inna ta ga ya fi tsohon kyau. Ya kusa cinyewa. Zan ajiye alƙalami in je.

Ki kai fure kabarinta a madadinmu. Ki sumbaci Anka.

Mijinki,
Kofur Velimir, na Tukunyar Bilova.