Matan Japan da Ƙwaryar Inna

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan rahamar Allah tana lulluɓe da ke, ɗanki ne daga Lyon ta Faransa, wanda furfura ta cim masa, hankali bai iso ba tukuna.

Jikarki Ummi, mai sunanki, da ke jami'a a Bron, nan gefen Lyon, ta ja ni Paris kallon hotunan Japan na dā. Katako suke sassaƙawa, su shafa tawada, su danna takarda, kowane launi da allonsa. A hotunan, mata ne a durƙushe, gashi a naɗe kamar gammo, suna kaɗa wani abu mai tsirkiya uku, ɗan'uwan molo. Turawa sun yi tsit a gabansu kamar masu jiran liman.

Ɗaya ta karkatar da kai tana sauraren hannunta. Haka kike yi in kin kifa ƙwarya cikin ruwa a gidan biki.

Ummi ta tambaye ni ko danginmu sun taɓa yin mai kiɗa. Na ce a'a, na nemi wurin zama.

Tun tana ƙarama nake gaya mata turare kike sayarwa. Kin tuna ranar da zan taho Faransa, na kira mai hoto gida? Na sa kin tura ƙwaryar ƙarƙashin gado, na miƙa miki carbi. Kika ce, "To Malam, a ɗauki Hajiyar da kake so." Ita ce a bangon falona har yau. Mutuniyar kirki, amma ban san ta ba.

Yanzu Ummi ta zaɓi kiɗan mata don bincikenta. Wata mai zuwa za ta Damagaram da rikoda, wajen tsofaffin da kuka yi wasa tare. Da sun ga fuskarta, irin taki sak, magana ta ƙare.

Tun dawowarmu na kasa zama. Sau biyu na hau tram, jirgin cikin gari, zuwa Bron, na tambaye ta ko tana cin abinci, na juyo. Na gwada kiɗanki kan tebur da cokula biyu, hannun ya ƙi.

Ba na so ta ji ki daga bakin wasu. Ranar Juma'a, in an sauko, zan faɗa mata, har da zancen carbin.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya gafarta miki. Ni ma ki yafe mini, Inna.

Naki,
Issufu, ɗan mai kiɗan ƙwarya