Kalmar Ruɓewa da Robobin Kifi

Yaya Hussaina,

Gaisuwa daga Jamus. Ya jikin Baba, ya mutanen Gangare? Ina lafiya, karatu na tafiya.

Malaminmu ya ba ni bincike kan "pu", kalmar da masana ke hasashen kakannin Turawa da Indiyawa na nufin ruɓewa da ita. Ita ta haifi "pus" na Latin, wato mugunya, da "faul" na Jamusanci, wato ruɓaɓɓe. Malamin ya ce wai sai na ji kalmar a jikina. Bai san kowace Asabar robobin ruɓaɓɓen kifi nake wankewa a kasuwa ba. Ƙarnin ya shige min farce, har tuwo da cokali nake ci.

Kada Baba ya ji. Ki aiko min sabulun salo, Allah ya saka miki.

Ƙaninki,
Salim