Gyaɗar da Ta Fito a Kan Kabarinki

Takarda ta fito daga hannun Istifanus Nomau, mazaunin ƙauyenmu na ƙasar Zoza, zuwa ga uwargidana Rahila, wadda mutanen gari suka sani da Kande. Gaisuwa mai yawa da girmamawa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Bayan gaisuwa, ina sanar da ke ina nan da rai, ko da yake ƙafafu sun ƙi, ido kuma ya fara yana. Da hantsi nake wannan rubutu a ƙofar ɗaki, don lokacin ne nake ganin layi. In kin ga baƙaƙen sun karkace, ba sakaci ba ne. Hannun da 'yan mishan suka koya wa riƙon alƙalami ne ya tsufa.

Magana ce ta kawo ni, kuma ba mai daɗi ba. Rahila, an nome kabarinki.

Ke ba ki san yadda aka yi kika kwanta a gona ba, don a lokacin kin riga kin huta. Ranar da kika rasu na je wurin mai unguwa neman wuri. Ya ce maƙabartar gari ba ta irinmu ba ce. Bai ɗaga murya ba, bai kuma ɗago ido ya dube ni ba. Na dawo na tarar da Malam Sule maƙeri a ƙofar gidanmu da digarsa a kafaɗa. Shi ya taya mu haƙa a gabashin gonarmu, dab da gambar da ta raba mu da gonar yayana. Da aka yi masa surutu a bakin masallaci, abin da ya ce ke nan: "Maƙwabciyata ce, 'ya'yana sun ci tuwonta." Shi ma ya bi ki bara waccan. Ban sami mai kai ni gaisuwa da wuri ba, sai da aka watse.

Kin san yayana Mati, wanda ya musulunta ya koma Musa a shekarun da mu muka karɓi baftisma. Duk saɓaninmu, bai taɓa tsallake gambar nan ba. Bayan rasuwarsa gona ta koma hannun ɗansa Habu. Habun da kika goya har bayanki ya yi kanta, lokacin da uwarsa ta kwanta jinya.

Tun da aka tare ruwa a wajen Karaye ƙasa ta matse, kowa yana hangen gonar maƙwabci. Habu ya sayi shanun huɗa. Damina ta farko ya ci kunya ɗaya daga cikin gonarmu. Na ce kuskuren shanu ne. Ta biyu ya ƙara. Na kai kuka wurin dagaci, aka tara dattawan da suka san iyakar nan tun muna yara. Kowa ya sunkuyar da kai yana wasa da tsakuwa. Da na matsa, wani daga baya ya ce, "Yanzu saboda arne za a ɓata wa yaro?" Dagaci ya ce in yi haƙuri. Aka shafa fatiha aka tashi, ni kuma na nemi sandata.

Ba sai na fassara miki kalmar nan ba. Kin sha ta a bakin rijiya, inda ake jira ki gama a ɗauraye igiya. Kin sha ta a kasuwar Rogo, ranar da wata ta faɗa wa mutane cewa daddawar da ke faifai taki ce, masu saye suka mayar da abin da suka ɗauka. Kika dawo da kayanki a ka, muka yi wata guda muna miya da daddawa har ta gundure mu, kina dariya kina cewa ko sarki bai kai mu cin daɗi ba. Ranar da yara suka yi ta jifan rufin majami'a muna cikin waƙa, ni na miƙe, ke kika kama mini bakin riga. Sau nawa kika faɗa mini, "Malam, kada ka yi wa kowa baki. Wanda muke bi ba haka ya yi ba."

Da kina nan, haƙuri na mutum biyu ne. Ɗaya ya gaji, ɗaya ya riƙe. Yanzu gidajenmu na masu bi duk sun tashi, wasu Zariya, wasu Kaduna. Majami'a ta rushe da ruwa, ba a ba mu izinin tayar da ita ba. Ni kaɗai na rage a unguwar nan.

Bana, da faɗuwar ruwan farko, ciwon ƙirji ya kayar da ni. Aka ɗauke ni zuwa Rogo Sabon Gari, na yi jinya a gidan wani ɗan'uwa mai bi. Da na dawo ban shiga ɗaki ba, gona na wuce in gaishe ki. Na tarar an tumɓuke gamba. Gicciyen itacen da na kafa babu shi. Kunyoyi sun miƙe sambal daga gonar Habu har tsakiyar tamu, gyaɗa ta fito ta yi ganye.

Na yi ta bin kunya ina dogara sanda, ina neman inda kanki yake. Ban gane ba, Rahila. Ni da na sa ki da hannuna, ban gane ba.

Habu ya zo da yamma. Ya cire takalmi, ya durƙusa kamar yadda kika koya masa, ya ce, "Baffa, ai ƙasa ta riga ta cinye. Mu ma namu ba a tsaron su har abada." Da ya zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Bulus ɗanmu ya aiko daga Jos ta bakin wani direba, wai in kai ƙara kotu a Karaye, ko in tattara in koma wurinsa. Ƙara da wane shaida? Tafiya kuma, in bar ki wa?

Haka na zauna damina guda ina kallon gyaɗar nan. Ba zan ɓoye miki ba, wurin da nake zaton kina kwance ya fi ko'ina kore. Kullum na gani sai abinci ya fita raina.

Sai gari ya shiga tsoron bakina. Sa ɗaya na Habu ya yi ɗingishi, aka ce tsoho ya fara. Mata suna janye 'ya'yansu in na wuce. Abin ya ba ni mamaki: mutanen da suka ce addu'ata ba ta wuce rufin ɗaki, su ne suka tabbata tsinuwata za ta kama.

Kin san al'adar gidanmu tun zamanin kakanni, wadda shiga masallaci ko majami'a bai kashe ta ba. Ba a kai sabon amfani rumbu sai an ɗebi na fari an kai wa babban gida, ya ɗanɗana, ya ce Allah ya yi albarka. To, duk zuriyar babanmu ni ne babban da ya rage. Da aka cire gyaɗa, Habu bai iya zuwa ba. Ya aiko matarsa Binta da ƙwarya cike, an rufe da faifai.

Ta durƙusa ta ajiye a gabana, ta sunkuyar da kai tana jira. Na san daga inda aka ciro ta, ita ma ta san na sani. Maganganun tsinuwar nan da babanmu yake yi in an ci amanarsa, waɗanda na zaci ruwan baftisma ya wanke, duk suka taso suka cika mini baki. Ba ko ɗaya da na manta. Na danne haƙora. Albarka ta ƙi fita, ɗayar kuma na hana ta.

Binta ta daɗe a durƙushe. Can ta ce, "Baffa, ba ka ce komai ba." Ta tashi tana share ido da bakin mayafi, ta bar ƙwaryar.

Ƙwaryar nan ta zauna a ɗakina kamar baƙon da ba a san yadda za a sallame shi ba. Ban iya ci ba. Ban iya zubarwa ba, don ji nake kamar ke zan zubar. Kaji ma na kore su. Aka ce mini Habu ya bar buhunansa a tsakar gida, ya ƙi kai su rumbu.

Ran Lahadin da ta wuce aka yi godiyar kaka a zauren da 'yan'uwa suke taruwa a Rogo. Na sa mai acaɓa ya ɗauke ni, na rungume ƙwaryar a ƙirji. Kowa ya kai nasa gaba, mai dawa, mai wake. Da na ajiye, mai bishara ya tambaya, "Baba, ai bana ba ka yi noma ba, wannan ta wa ce?" Na ce ta Rahila ce. Tsofaffin matan da suka san ki suka fashe da kuka. Ni ban yi ba. Na ji dai wani abu ya sauka daga wuyana.

A hanyar dawowa na sa aka tsaya da ni a ƙofar gidan Habu. Na miƙa masa ƙwaryar matarsa. Na ce, "Allah ya yi albarka. Ka kai gyaɗarka rumbu kada ta jiƙe." Ya ce amin, kansa a ƙasa. Bai ce zai mayar da iyaka ba, ni ma ban tambaya ba. Na san baɗi, in ruwa ya sauka, shanunsa za su sake bi ta kanki.

Kada ki ɗauka na zama waliyyi, Kande. Baki ne ya faɗa, zuciya tana baya tana jan ƙafa kamar mai ita. Wata safiyar nakan tashi da yafiya, kafin azahar ta gudu. Sai in sake farawa. Ashe haƙurin da kike ta faɗa ba a yin sa sau ɗaya a gama.

Ya Ubangiji, kai da aka tofa wa yawu ba ka rama ba, ka riƙe harshen bawanka har ranar da za ka rufe shi. Ka sa zuciyata ta cim ma bakina kafin in mutu. Ka yi wa Habu albarka, shi da Binta da 'ya'yansu, kada ka lissafta masa wannan. Baiwarka Rahila kuma, ni na ɓatar da wurinta, amma kai ba ka bukatar gicciyen itace kafin ka san inda za ka kira ta. Amin.

Ki huta, yarinyata. Ba zan daɗe ba.

Ni ne mijinki,
Istifanus Nomau