Ɗigon Rawaya a Furen Cesnat

Litinin, 21 ga Oktoba

Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har ƙawata Neve: akwai wasiƙa ɓoye a cikin littafin soyayyar da nake karantawa. Tun watan Yuli na rubuta ta, sau shida ina sakewa. Ta Fergus ce, mai zama a bayan aji, wanda rigarsa ke ƙanshin hayaƙi saboda babansa mai kiwon zuma ne. Duk maganar da na taɓa yi masa a duniya ita ce "ara mini biro."

Yau Malama Pettit ta raba mu biyu-biyu a ɗakin gwaji. Ni da shi! Amma Neve ta ce Juma'ar makon gobe, da an tashi makaranta, zai bi babansa su kai amyoyi yammacin Tasmaniya, sai baɗi.

Laraba, 23 ga Oktoba

Bishiyar cesnat ta bakin makaranta ta cika da fure, farare tsaye kamar kyandir. Mun tsinko, Fergus ya sa ɗaya ƙarƙashin madubin likita. "Briony, zo ki ga ikon Allah."

Gashi! Furen da nake zaton sumul ne, ashe gashi ne tsiri-tsiri, masu sheƙi kamar na kumatun jariri. Malama ta ce ana ganin suna riƙe ƙanshi, ƙudan zuma kuma ya sami madafa in ya sauka, amma masana ma ba su gama sani ba. Fergus ya daɗe yana wani bayani kan ɗigon launin da ke tsakiyar furen. "Kin gane?" Na ce na gane. Gashin idonsa nake kallo.

Alhamis, 24 ga Oktoba

YA TAMBAYE NI. "Ko za ki zo ganin amyoyinmu ran Asabar? Ba dole fa." Bakina ya ƙi buɗuwa. Aka kaɗa ƙararrawa, na ruga.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Na samo dabara. Na zaɓi fure mai jan ɗigo, ja wur, na ajiye kan littafinsa. A duk littattafan da na karanta, ja ai sai soyayya. Zai gane na ce e.

Asabar, 26 ga Oktoba

Na wanke kai, na zauna kusa da waya. Shiru. Mama ta ce, "Ke kuma wa ya mutu?"

Litinin, 28 ga Oktoba

Bai ko dube ni ba. "Na ga saƙonki," in ji shi. "Ba sai kin maimaita ba."

Talata, 29 ga Oktoba

Kaico na. Na gaya wa Neve komai. Ta ja rahoton gwajin da muke rubutawa ni da Fergus, ta nuna mini rubutun hannunsa: rawaya na ce wa ƙudan zuma zo, akwai zaƙi. In an riga an ziyarci furen sai ɗigon ya koma ja, wato wuce gaba, ba naka a nan.

Ta yi dariya har shayi ya sarƙe ta. "Sarauniyar soyayya! Ɗan mai zuma kika ba jan fure? Ai gara ki mare shi."

"Ke dai Allah ya shirye ki."

"Ni ko ke?"

Laraba, 30 ga Oktoba

Ban yarda da takarda kawai ba. Da hutun rana na zauna gindin bishiyar ina ƙirga saukar ƙudan zuma kan furanni. Sauka arba'in da ɗaya, talatin da bakwai kan rawaya! Na manta da abincina, na manta ma dalilin zamana. Na roƙi Malama ta bar ni na sake leƙa madubin, ni kaɗai. Ko gashin jajayen ya bambanta da na rawayen? Ta ce in duba in gaya mata. Ni, in gaya MATA.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Rassan ƙasa duk sun yi ja. Rawaya sai can sama. Na taka shinge a gaban kowa, safata ta yage, 'yan ajinmu na ihu, "Briony ta zama biri!" Ban sauko ba sai da na tsinko. Yana nan cikin kofi kan taga, ina ta roƙonsa kada ya juya kafin gobe.

Na sake karanta wasiƙar. Rabinta ba maganata ba ce, ta mutanen littafi ce, wata da taurari da su hawaye. Na soke. Saura layi uku, na ƙarshe yana tambaya ko za a ara mini hular masu kiwon zuma. Littafin ma kwana huɗu ban buɗe shi ba, sai yanzu da na ciro ta.

Neve ta ce za ta iya jefa masa wasiƙar a jaka. Na ce a'a. Gobe kafin ƙararrawar farko, hannu da hannu, da furen a kai. In bakina ya sake ƙin buɗuwa, ai ya iya karanta rawaya.