Takalmin da Na Shiga da Shi Gaban Kwamiti

Zuwa ga Alhaji, Shugaban Kwamitin Ɗaukar Malamai na sakandaren al'umma da ke kan hanyar Batagarawa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka shi daɗe, ina gaisuwa da ban girma, da fatan kana lafiya, kai da iyali da hidimar jama'a. Allah shi ƙara daraja.

Sunana Kabiru, ɗan Malam Iro mai wankin hula a Babbar Kasuwa, mazaunin Ƙofar Durbi. Ka san ni tun ina yawo ba wando. Sau uku na zo gidanka don mu yi maganar nan mu biyu, sau uku ana ce mini kana hutawa, alhali ina jiyo muryarka daga zaure. Shi ya sa na kawo ta jarida. Ba haka aka rene ni ba, kuma wallahi ban ji daɗin rubuta wannan takarda ba.

Mako bakwai ke nan, ranar wata Talata, na zauna gaban kwamitinka ina neman aikin koyar da lissafi. Ba a ɗauke ni ba, kuma na haƙura, don ba ni kaɗai aka mayar ba. Amma washegari bayan la'asar, a majalisar ƙofar gidanka inda mahaifina ya fi shekara talatin yana zama, a gaban dattawan unguwa, ka ce ɗan Malam Iro ya faɗo muku da takalmi a ƙafa, ya cinye shekara shida a jami'a kan karatun shekara huɗu, kuma ba abin mamaki ba ne, haka 'yan wannan jami'a suke, ba za a damƙa musu 'ya'yan mutane ba. Baba ya miƙe. Ya naɗe buzunsa ya dawo gida. Tun ranar bai sake taka majalisar ba, ni kuma ya daina amsa gaisuwata. Gida ɗaya muke, amma in yana son gaya mini wani abu, sai ya bi ta wurin Inna. Wannan shi ne abin da ke cina, ba aikin ba.

Ga amsata kan abubuwa ukun da ka faɗa.

Na ɗaya, maganar takalmi. Gaskiya ne na shiga da shi. Abin da ba ka gani ba shi ne, a baranda na sunkuya har na kwance igiyar ƙafa ɗaya, sai Baba Audu, masinjan makarantar, ya riƙe hannuna. Ya ce shugaban makaranta ya hana a bar takalmi a ƙofa tun ranar da aka ɗauke na wani sufeto, ya koma mota ƙafa ba komai. Ya ce in shiga da abina, kowa haka yake yi. Mutum biyu suka shiga kafin ni, dukansu daga kwalejin horon malamai, dukansu da takalmansu. Na ɗaya daga cikinsu ma har ƙara yake yi in yana tafiya, kuma mai shi aka ba aikin. Ku kanku 'yan kwamiti, ranka shi daɗe, kowa da nasa a ƙafa. Na rusuna na gaishe ku ɗaya bayan ɗaya, ban zauna ba sai da ka nuna mini kujera sau biyu. Ka amsa da fara'a, har ka tambayi lafiyar mahaifina. Sai da ka buɗe fayil ka karanta sunan jami'ar, sannan fuskarka ta canza, idonka ya sauka kan ƙafata. Ina kallonka lokacin.

Na biyu, shekara shida. Ban faɗi darasi ko ɗaya ba, ba a taɓa kora ta ba. Sakamakona yana shafi na biyu na wannan fayil, shafin da ba ka buɗe ba. Duk wanda ya yi karatu a zamanin soja ya san inda shekarun suka tafi. Yau malamai na yajin aiki, gobe an sanar a rediyo an rufe makaranta, kowa ya kwashe kayansa kafin azahar. Ni ma na daina ƙirga yawan rufewar. Kuma kai shaida ne kan inda nake zama duk lokacin da aka rufe, domin a rumfar Baba kake samuna ina wanke huluna ina sa musu sitati. Ka taɓa tsayawa ka yi mini ba'a cewa an sake koro mu, ka cire taka hular ka miƙo mini. A lokacin abin dariya ne. Ban san za a ajiye shi a zuba wa mahaifina a bainar jama'a ba.

Na uku, cewa haka 'yan wannan jami'a suke. Na san abin da ake faɗa a kanmu, tun ina aji ɗaya nake jin sa. Wai 'yan zanga-zanga ne mu, masu ƙona taya, masu raina manya, masu gardama da liman, wai da satar amsa muke cin jarrabawa, matan cikinmu kuwa idonsu ya buɗe da yawa. Ba zan yi maka ƙarya ba, akwai masu irin wannan hali, na zauna da wasunsu ɗaki ɗaya. Wurin da ya tara jama'a kamar kasuwa ba zai rasa su ba. Amma akwai wanda ke tsayuwa a bakin taga awa biyu yana rubutu a kan bayan abokinsa saboda aji ya cika. Akwai wanda ya yi mako yana shan garin kwaki bai gaya wa gida ba don kada hankalin uwarsa ya tashi. Akwai wani Kirista daga kudu da ya shekara yana riƙe mini wurin zama duk lokacin da na fita sallar azahar. Waɗannan ba a jin labarinsu a majalisa.

Zanga-zanga kuwa, bari in tona wa kaina asiri: ni matsoraci ne. Ranar da aka harba barkonon tsohuwa, ina cikin masallacin makaranta na ƙanƙame littafi, ban fito ba sai da aka yi tsit. Abokaina har yau suna tsokanata da shi. Yanzu ga shi soja sun koma bariki, farar hula sun karɓi mulki, na kuma ji ka da kunnena a wajen taro kana yabon waɗanda suka tsaya aka samu wannan sauyi. Da yawansu yaran nan ne da ka ce ba su da tarbiyya. Ni da na ɓuya an kira ni ɗan tarzoma, su da suka fita ba a ce musu sannu ba.

Da a nan maganar ta tsaya, da wataƙila na ci gaba da haɗiye ta. Shekaranjiya da safe Baba ya kira sunana, karo na farko cikin mako bakwai. Na taso da sauri har ina tuntuɓe, na ɗauka ya huce. Ashe saƙo ne. Ya ce ɗanka Nasiru ya samu gurbi a wannan jami'a tamu, Hajiya matarka ta aiko wa Inna tana neman wanda ya san gari. Ya ce in raka shi, in nuna masa inda ake rajista, in nema masa gado a ɗakin kwanan ɗalibai, kada in bar shi sai ya zauna da gindinsa, domin maƙwabci maƙwabci ne. Bango yake kallo har ya gama. Na ce to. Da na koma ɗaki na yi kuka, ban ɓoye maka ba. Mutumin da ka kunyata a ƙofar gidanka shi ne ke tura ɗansa ya yi wa naka hidima.

Saboda haka ina roƙonka abu uku, kuma aikin ba ya cikinsu, wanda aka ba Allah shi taya shi riƙo.

Ka kira Baba Audu ka tambaye shi abin da ya gaya mini a baranda. Ka sa a ɗauko fayil ɗina ka karanta shafi na biyu. In ka tarar ƙarya na yi, ka kawo amsa a wannan jarida, zan zo in durƙusa a gaban dattawa in ba ka haƙuri. In kuwa ka tarar gaskiya ce, ka taka da ƙafarka zuwa zaurenmu, gida biyar ne tsakaninmu, ka ɗauko Malam Iro ka mayar da shi wurin zamansa, ka gyara maganar a gaban waɗanda suka ji ta.

Ranar Lahadi, in Allah ya kai mu, ni da Nasiru za mu shiga mota. Zan kula da shi kamar ƙanena. Wata rana zai dawo da takarda mai ɗauke da sunan da ke kan tawa, ya zauna gaban wani kwamiti, kuma na san a ranar za ka ga 'yan jami'ar nan da wani ido daban. Amma Baba ya haura saba'in, ranka shi daɗe. Ba na jin zai iya jiran Nasiru ya gama karatu.

Allah shi ba ka ikon yin adalci, shi tsare maka mutuncinka a gaban 'ya'yanka, shi sa Nasiru ya gama lafiya a kan lokaci.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Kabiru Malam Iro,
Ƙofar Durbi, Katsina.