Fitsarin Raƙumi a Kunnen Ummi

Assalamu alaikum jama'a. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni tela ne a Gumel, ina da 'ya mai shekara shida, sunan mahaifiyata gare ta, muna ce mata Ummi. Da aka yi hutu na kai ta wajen Inna, mahaifiyar tawa, a ƙauyenmu, gaba da Sule Tankarkar, lokacin yarinyar tana 'yar mura. Ashe murar ta taɓa kunnenta na hagu, har ya fara zubar da mugunya. Ranar da na je ɗauko ta, tun daga zaure wani zarni ya buge ni, na tarar da ita kwance a cinyar Inna ana ɗura mata wani baƙin ruwa da murfin gora. Wai fitsarin raƙumi ne daga kasuwar Maigatari, ya fi sati biyu a gorar lemo, ƙudaje sai bin bakinta suke. Wallahi sai da na zaga bayan danga na yi amai.

Abin da ya fi tsaya min, ana ɗurawa yarinyar ta hau kakari tana tofar da yawu, ta ce, "Baba, a maƙogwarona nake jin sa." Inna kuwa har da hamdala, wai magani ya ratsa ke nan, tunda ya shiga ta kunne ya fito ta wuya.

Na ɗauki 'yata muka kamo hanya. Muna dawowa na kai ta asibiti. Likita ya haska, ya ce akwai wata siririyar hanya daga can cikin kunne zuwa saman maƙogwaro, ita ke kai wa kunne iska tana kwashe danshi, shi ya sa in kunne ya toshe ka haɗiyi yawu yake buɗewa, ta nan kuma mura ke hawa. Amma dodon kunne ya tare ta daga waje, abin da aka zuba a lafiyayyen kunne ba ya kaiwa wuya. Tunda ta ji shi a maƙogwaro, dodon ya huje. Ya ce ko ruwan wanka kada ya shiga, in aka ci gaba da ɗure-ɗure jin kunnen zai iya tafiya.

Na kira Inna na yi mata bayani cikin lallami. Ta ce da shi ta yi mana magani har muka girma, yanzu na zauna gari shi ne na ga ƙazantarta. Ta yi kuka, ta ce ran Juma'a tana tafe da sabuwar gora, in na hana ta taɓa takwararta kada in ƙara taka gidanta.

Tunda nake ban taɓa yi wa Inna musu ba. Amma ɗazu na tsaya ta hagun Ummi na kira ta sau uku, tana ta wasanta ba ta waiwayo ba. Jibi Juma'a. 'Yan uwa, in mahaifiyata ta ciro gorar nan, me zan ce mata?